Na gano kabari a Chittagong, hoton bai fito ba, Baffa kuma ya ce kada in sake

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Bangladesh, saura wata uku in gama in dawo gida. Kakata, mahaifiyar babana, ta haura shekara tamanin. Tana goye aka tafi da mahaifinta yaƙin Bama, bai dawo ba. Abin da aka gaya wa gidanmu kawai shi ne ciwo ya kama shi, ya rasu a asibiti a Indiya. Da na bincika a intanet sai na ga suna irin nasa, haɗe da sunan garinmu, a maƙabartar sojoji ta Chittagong. Na yi tattaki na je, na isa rana ta take, na ɗauki hoto biyar da wayata na tura wa ƙanwata ta WhatsApp. Allon kabarin na tagulla ne, sai ya fito fari fat daga sama, baƙi ƙirin daga ƙasa, ba a iya karanta komai. Duk da haka ƙanwata ta nuna wa Kaka, ta yi ta kuka, yanzu kullum tambayarta yaushe zan kawo mai kyau. Baffa, yayan babana, da ya ji sai ya kira ni ya yi faɗa sosai. Ya ce ɗaukar hoton kabari bidi'a ce, na fama wa tsohuwa mikin da ya warke, kuma wa ya ce min ma shi ne? Kuɗin zuwa ɗaya ya rage min. In koma ko in haƙura? In zan koma, yaya zan yi hoton ya fito?

Wani ɗalibi, daga Bangladesh

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mamacin, ya ƙara wa Kaka lafiya, kai kuma ya saka maka da wannan zumunci. Shawarata ka koma. Amma cikin maganganu uku da Baffa ya yi maka, ta ƙarshen ce ta fi nauyi, kuma ita za ka fara warwarewa tun kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa: wa ya ce shi ne?

Dalilin da ya sa tambayar ta yi nauyi shi ne yadda aka rubuta sunayen sojojinmu a wancan zamani. Akawun soja yakan rubuta sunan mutum, ya liƙa masa sunan garin da ya ce ya fito, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, wane Bauci. Wani ma ba garinsu ba ne, garin da aka ɗauke shi ne. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943 aka kai su fagen Bama, sun ƙunshi dubun dubatar mutane, kuma masu sunan Hausa ba daga Nijeriya kaɗai suka fito ba, akwai su da yawa cikin sojojin Gold Coast, wato Ghana ta yau. Saboda haka suna da gari kaɗai ba su isa shaida ba. Ka koma shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, ka sake neman sunan ba tare da ka zaɓi maƙabarta ba, ka gwada shi da rubutu iri-iri, domin Bature yakan rubuta suna ɗaya ta hanya uku. Ka ƙirga mutum nawa suka fito. Kowanne ka kwafe lambarsa ta soja, da muƙaminsa, da bataliyarsa, da ranar rasuwa. Lambar sojan Nijeriya tana farawa da NA, ta Gold Coast da GC, wannan kaɗai zai rage maka wasu. Wasu bayanan suna ɗauke da ƙarin layi mai cewa ɗan wane ne, ko mijin wance, na gari kaza. In naka yana da wannan layin kuma ya dace da abin da gidanku ya sani, magana ta ƙare.

Akwai abin da ke goyon bayanka. A lokacin yaƙin, Chittagong cikin Indiya take. Sai a 1947 ta koma Gabashin Pakistan, a 1971 ta zama Bangladesh. Maƙabartar kuma asalinta ta waɗanda suka rasu a asibitin soja ce, daga baya aka kwaso wasu kaburbura daga wurare daban-daban aka haɗa. Wato labarin da aka kawo gidanku, cewa ciwo ne, a asibiti, a Indiya, bai saɓa da wurin ba. Sai ka gwada ranar rasuwar da shekarun Kaka: in an haife ta wajajen 1942 ko 1943, mutuwa a 1944 ko 1945 ta zauna daidai. Ka sa babanka ya tambayi dattawan gida ko akwai wata tsohuwar takarda a ƙasan adaka, littafin albashi ko wasiƙar da ta kawo labarin mutuwar, domin lambar soja ɗaya ta fi shaidar baki goma. Lambar yabo ta yaƙin Bama, in ma akwai ta, galibi ba a buga suna a jikinta, kada ka dogara da ita. Idan bayan duk wannan mutum biyu ko uku suka rage, gaskiyar da za a gaya wa Kaka ita ce: ana kyautata zaton shi ne. Kada ka ƙara mata ko kalma ɗaya a kan abin da ka sani.

Sai Baffa. Kada ka ɗauke shi a matsayin mai tare hanya. Uwarsa ce aka sa kuka, kuma a bakin wasu ya ji, ba a bakinka ba. Nan ne kuskurenka, da na ƙanwarka: magana mai girma irin wannan ta gidan gaba ɗaya ce, aka kai ta wurin tsohuwa ta waya ba tare da an bi ta kan manyan 'ya'yanta ba. Ka kira shi ka ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai, ba tare da ka haɗa da kare kanka ba. In ya fi sauƙi, babanka ya shige gaba.

Maganarsa ta addini ma ba daga iska ya ɗauko ta ba. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa, kuma a ruwayar Tirmizi an ƙara da yin rubutu. Mutumin da ya tashi a inda ake sa wa kabari itace ko fasasshiyar tukunya a bar shi, dole allon tagulla da furanni su yi masa banbaraƙwai. Sai dai ba ku kuka yi allon ba, hukuma ce ta kafa shi shekaru da dama da suka wuce. Ziyarar maƙabarta kuwa an yi izini da ita bayan an taɓa hana ta, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Abin da za ka ɗauka kuma rubutu ne a jikin ƙarfe, babu surar mai rai. Wannan fili ba na fatawa ba ne, don haka ka roƙi Baffa shi da kansa ya zaɓi malamin da ya yarda da shi, a kai masa tambayar yadda take. A ganina abin da Baffa ke tsoro shi ne hoton ya zama abin ratayewa a bango, ana shafawa ana kuka, ko ya yi ta yawo a Facebook. To ka ba shi alƙawari tun kafin ya nema: ba za a rataye ba, ba za a watsa ba, kwafi ɗaya za a wanke, a hannunsa za a damƙa, shi zai nuna wa Kaka ranar da ya ga ya dace. In duk da haka ya ce a'a, akwai mafita ta biyu wadda ba ta da hoto ko kaɗan: ka kwafe rubutun allon da hannunka layi-layi, ka haɗa da takardar shaidar tunawa da ake saukewa kyauta daga shafin hukumar, a karanta wa Kaka. Da ma a shekarunta kunne ya fi ido aiki. Batun fama miki kuwa, matar da ta shekara tamanin ba ta san inda ubanta yake kwance ba, ba lallai ne mikin ya taɓa warkewa ba. Amma wannan kai ba za ka faɗa wa Baffa ba. Ka bar Kaka ta faɗa da bakinta in an tambaye ta.

Yanzu hoton. Abin da ya ɓata na farko abu uku ne. Allunan wannan maƙabarta ba a tsaye suke ba, a kishingiɗe suke a kan ɗan guntun dandamali, fuskarsu na kallon sama, don haka da rana ta take sai tagullar ta zama madubi, ta kwaso hasken sararin samaniya ta watsa cikin idon kyamara. Farin da ka gani ke nan. Baƙin kuwa inuwarka ce da ka sunkuya a kai. Na uku, harafi, mai tudu ne ko sassaƙaƙƙe, inuwar gefensa ce ke fito da shi, rana tsaka kuma ba ta yin inuwa. Sannan WhatsApp ya matse abin da ya saura. Maganin duka ɗaya ne: ka toshe hasken da ke zuwa daga sama, ka kawo naka daga gefe, ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskar allon.

Kayan da za ka riƙe ba su da tsada. Baƙar laima babba. Madubi mai faɗin littafin rubutu, ko kwali mai tsawon kamu biyu da ka lulluɓe da takardar alminiyon mai ƙyalli, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi. Ka ɗan cukuikuye ta kafin ka shimfiɗa, haskenta ya fi laushi. Farin kwali ɗaya. Tocila mai ƙarfi. Ƙyalle mai laushi na goge idon kyamara, domin zufar yatsa kaɗai tana sa hoto dishi-dishi. Littafi da biro. Batirin caji na aljihu. Sai abu mafi muhimmanci, aboki ɗaya, gara ma biyu, don mutum ɗaya ba zai riƙe laima da madubi da waya ba. In ɗaya daga cikinsu yana jin Bangalanci, ya fi.

Lokaci: maƙabartar tana da sa'o'in buɗewa da rufewa, don haka hasken fitowar rana da masu hoto ke so ba lallai ka same shi ba. Ka tabbatar da sa'o'in kafin ka kama hanya, ka kwana a garin, ka kasance a ƙofa ana buɗewa, ka kuma ware yammacin ranar don zagaye na biyu, domin allon da hantsi bai yi masa kyau ba la'asar takan yi masa. Ka guji Juma'a da Asabar, su ne ranakun hutu a can, mutane sun fi yawa. Damina tana kankama daga Yuni zuwa Satumba, jiƙaƙƙen allo kuma ƙyalli yake yi. In ruwa ya sauka ka jira ya bushe. Ranar da gajimare ya rufe rana ba asara ba ce, tagulla ta fi son irin wannan haske, sai dai ranar madubi ba zai yi aiki ba, tocila za ka sa.

Da ka shiga, ka fara da abin da ya kawo ka: ka yi sallama ga mamata, ka yi addu'a, waya na aljihu. Sannan ka gaida mai kula da wurin, ka gaya masa kabarin danginka ka zo, ka nemi izinin buɗe laima da haska madubi. Ka tambaye shi littafin rajista, ka duba lambar kabarin, wadda ake rubutawa kashi uku, fili da layi da kabari, misali 5. C. 9. Ka bi tsakanin layuka, kada ka taka kabari ko ka zauna a kan allo, naku ko na wani.

Ga yadda za ku tsaya. Aboki na farko ya riƙe laima ta yadda inuwarta za ta rufe allon gaba ɗaya, ba rabi ba, kuma baƙin cikinta ne allon zai riƙa gani maimakon sama. Na biyu ya ja gefe, taku biyu ko uku, inda rana ke dukansa, ya tsuguna ya karkata madubin har haske ya kwanta a fuskar allon daga hagu ko dama. Hasken ya zo kusan a kwance, kamar digiri 15 zuwa 30 daga fuskar allon. In ya ɗaga ya wuce haka inuwar harufa za ta gudu, in ya kwanta da yawa kowane ƙurji na ƙarfen zai fito ya cakuɗe da rubutun. Ka sa shi ya riƙa motsawa a hankali kana kallon waya, za ka ga lokacin da harufan suka miƙe tsaye kamar an kira su. In gefe ɗaya ya yi duhu sosai, ka jingina farin kwalin a ɗaya ɓangaren ya mayar da ɗan haske. Da tocila ma haka ne, sai dai a matso da ita kamar kamu biyu daga bakin allon.

Kai kuma ka riƙe wayar ta yadda bayanta zai yi daidai da kwanciyar allon, fuska da fuska, ba daga tsaye kana leƙe ba, in ba haka ba layin sama zai tsuke, na ƙasa ya baje. Kada ka kusanta sosai. Ka ja baya kamar mita ɗaya ka sa 2x in wayarka tana da ido na biyu, wannan yana hana gefuna lanƙwashewa kuma yana fitar da inuwarka daga hoton. Kada ka ja hoto da yatsu ya wuce nan, ƙara girman dishi-dishi kawai yake yi. Filasha a kashe, domin daga gaba take dukan allo, ita ce babbar mai shafe rubutu. Ka danna yatsa a kan sunan ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Waya in ta ga baƙin abu takan ƙara haske da kanta, sai harufan su ƙone. Ka sa agogon daƙiƙa 3 don kada dannawa ta girgiza hoton, ka manne gwiwar hannu a jikinka. Bayan kowane ɗauka ka shiga inuwa ka buɗe hoton, ka faɗaɗa shi a kan lambar soja. In kana iya bambance 3 da 8, da 1 da 7, ya yi. In ba ka iya ba, ka sake, kada ka ce a gida za a gyara. Ka ɗauka da haske daga hagu, ka sake daga dama, sau goma ko ashirin ba ɓarna ba ne.

Abin da ba za ka yi ba, ko da wani ya ba ka shawara a wurin: kada ka goga alli, ko garin fulawa, ko hoda, ko man goge baki, ko kumfar aski, ko mai, wai don rubutu ya fito. Kada kuma tunanin gida ya zo maka na wanke tagulla da lemun tsami da toka ko tsamiya. Duhun nan da kake gani a jikin allon ba dauɗa ba ce, shi ne rigar da ke kare ƙarfen, in ka cire shi ka ɓata abin da ba naka ba. Soson ƙarfe da omo ma haka. In ganye ko ƙura ne, ka share da busasshen ƙyalle mai laushi. In kashin tsuntsu ne ya rufe harafi, ka kira mai kula da wurin, aikinsa ne. Dabarar fesa ruwa mai tsabta a bar sama ta bushe ramin harafi ya riƙe duhu ta dutse sassaƙaƙƙe ce, a tagulla ƙyalli kawai za ta ƙara maka.

Kada ka tsaya a allon kaɗai, tunda shaida kake haɗawa. Ka ɗauki ƙofar shiga da sunan maƙabartar, da shafin rajista mai sunan, da layin gaba ɗaya daga nesa yadda za a ga ciyawa da itatuwa, da allon tare da dandamalinsa, da rubutun kurkusa, da tambarin runduna. Na rundunar Afirka ta Yamma bishiyar dabino-dabino ce irin ta kwakwar manja. Ka lura ko akwai kuros, ko rubutun Larabci, ko babu komai. Ka ɗauki maƙwabcin dama da na hagu, ranakun rasuwarsu da bataliyarsu sukan taimaka wajen gane ko tare aka kawo su. Hoton layin daga nesa, ka sa ido, wataƙila shi Kaka za ta fi daɗewa tana kallo, domin ita tambayarta ba lambar soja ba ce, so take ta ga ko wurin a share yake. Kafin ka tashi ka kwafe rubutun da biro yadda yake, har da kuskuren rubutu in akwai, abokinka ya karanta maka kana dubawa.

Da ka koma masauki, daren nan ka ajiye kwafi a imel ko wani wuri na biyu. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Na asali kada ka taɓa shi. Ka yi kwafi, ka mayar da shi baƙi da fari, ka ƙara bambancin haske da duhu kaɗan. Ka nisanci manhajojin nan masu cewa za su gyara hoto da ƙirƙirarriyar basira, domin in lamba ba ta fito ba sukan ƙirƙiro wata su ɗora, kai kuma lambar ce hujjarka. Hoton waya mai megafiksel 12 ya isa a wanke shi girman takardar A4 ya fito tar. Ka ce wa mai situdiyo takarda marar ƙyalli kake so, ta fi sauƙi ga idon tsofaffi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je, ka sami kwabo ko wani allon ƙarfe mai rubutu a makarantarku, ku gwada laima da madubi da abokanka na rabin awa, kowa ya san inda zai tsaya.

In Baffa ya sauko har ya yarda, akwai abin da ya fi hoto: kiran bidiyo daga bakin kabarin, shi yana zaune kusa da Kaka, ku yi addu'a tare. Bangladesh tana gaban Nijeriya da awa 5, ƙarfe 3 na yamma a Chittagong ƙarfe 10 na safe ne a gida, don haka zagayen la'asar ne ya dace da wannan. In kuwa bincike ya nuna ba shi ba ne, kada ka kashe kuɗin a banza. Akwai sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartar Maynamati da ke Comilla, wadda ta fi kusa da Dhaka. Waɗanda ba a san kabarinsu ba kuma an sassaƙa sunayensu, kusan 27,000 daga ƙasashe daban-daban, a ginshiƙan tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Can kada ka je, ƙasar ba ta zauna ba tun juyin mulkin 2021. Ka rubuta wa hukumar ta shafinta da lambar sojan, ko ka nemi hoton wurin 'yan sa-kai na The War Graves Photographic Project, waɗanda ke tura hoton kabari ko na suna a kan ɗan kuɗi kaɗan.